Haƙoran Makulli

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Wuta ta tafi, janareto ya karɓi aiki yana tari,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Daga ni sai allon kwamfuta
da shayin da ya huce tun isha'i.

Haruffa ashirin nake kiwo,
amino asid, ashirin kacal,
da su jini ke rubuta masu gadinsa.
Kowane mai gadi sarƙa huɗu gare shi,
biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi.
Marasa nauyin aka ba ni.
Gindinsu kusan ɗaya, ka ce 'yan ɗaki guda,
amma leƙa can baki, inda suke kama abokin gaba:
nan harafi ya sauya, can biyu sun yi musaya,
abin da ke jinin Motunrayo, abokiyar aikina,
ba shi ke nawa ba,
nawan ma na bara ba shi ne na bana ba.

Ban koyi wannan a jami'a ba.
Na koya a bakin titin jirgi, a Agege,
inda Baba Barau ya shekara talatin da ɗaya yana yankan makulli,
garin tagulla a gemunsa, magagari a hannu,
'yan danfo na ta ihu a bayansa.
Ya kan ce, "Dije, kan makulli duk ɗaya ne,
a haƙori sana'a take.
Garin da makulli guda ke buɗe kowace ƙofa
ba gari ba ne, kango ne."

Da damina ya fara riƙe ƙugu.
Muka ce zama ne, muka ce shekaru.
Sai fitsari ya yi kumfa kamar an zuba omo.

Yau kwalbarsa ce a gabana.
Lamba aka liƙa mata, ba suna,
amma ni na ɗauko ta a jaka, cikin cunkoson Ojuelegba,
na rungume ta kada a buge.

Na saba allon nan ya cika kamar kasuwar Mushin,
kowa da fuskarsa, kowa da harshensa.
Yau layi ɗaya.
Na gangara ƙasa, shi ne.
Na sake gangarawa, shi ne dai,
ko harafi guda bai kauce ba.
Ƙwayar halitta ɗaya ta manta yadda ake tsayawa,
tana buga makulli guda dare da rana,
na ƙofar da babu,
tana zubarwa cikin ƙoda har magudana ta toshe.

Ashe hayaniyar nan ce lafiya.
Ban taɓa jin tsoron tsari ba sai yau.

Da safe na same shi a Idi-Araba,
gado na bakwai, kusa da taga.
Na yi masa bayani da yarensa, na tagulla da haƙori.
Ya yi shiru, sannan ya yi dariyar da ta taɓa masa haƙarƙari.
"Wane yaron shago ne wannan?
Da a wurina yake, da tuni na sallame shi."

Ya laluba ƙarƙashin matashi,
ya miƙo mini zoben waya mai nauyi:
makullan da aka sa shi yankawa ba a dawo karɓa ba,
wasu sun girme ni.
Na ce, "Baba, me ka ajiye su suke yi?"
Ya ce, "Ƙofarsu ce ba ta iso ba tukuna."

Na so in ce masa haka jini ke yi,
yana ajiyar makulli don cutar da bai taɓa gani ba.
Nas ta shigo da allura.
Na sa zoben a jaka.
Har na hau motar Yaba yana kaɗawa,
kowane makulli da irin ƙararsa.